Masu shirin fita waje, ku duba wayarku tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa na Nima da Mamobi a Accra. Duk mai shirin tafiya, kar ka canza daga Android zuwa iPhone ana gobe tashi. WhatsApp na Android a Google Drive yake ajiye hira, na iPhone kuma a iCloud, don haka hirarka ba za ta bi ka da kanta ba. Ƙanena ya yi gaggawa, hotunan sunan ɗansa suka salwanta.

Ni dai Android mai layi biyu na fi so. Layinka na Gana ya zauna a ciki saboda saƙon MoMo (kuɗin waya) da na banki, na can ya shiga ɗaya ramin. Kuma a sani, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin layi, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba. In a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, za ka saya, sa layinka ka gwada kafin ka miƙa kuɗi.