Yadda Ake Shirya Wa Birin Cimfanzi Wurin Hawa a Gidan Zu

A shekarun da na yi ina kula da birai, na lura cimfanzin da ba shi da abin hawa ba ya daɗewa yake fara tsige gashin jikinsa, yana jifan 'yan kallo da kashi. A daji, kamar na Gashaka Gumti a Taraba, can saman bishiya yake cin 'ya'yan itace, kuma kullum da yamma sai ya tanƙwara rassa ya yi sabon gado ya kwana. To a ce an ba shi daɓen siminti da taya ɗaya, ai kurkuku ne.

Ka fara da tsawo kafin faɗi. Samo manyan kututture masu ƙwari irin na maɗaci, ka kafa gindinsu da kankare, wasu a tsaye, wasu a kishingiɗe, ka haɗa su da igiya. Ni tsohuwar mesar 'yan kwana-kwana na fi so. Igiyar roba kwana biyu sun warware ta, mesa kuwa har ragar kwanciya ake saƙawa da ita. Kowane dandamali kuma ya zama da hanyar sauka biyu, don in babban namijin ya fusata, ƙanana su sami mafita.

Bishiya mai rai ita ce rigimar. In ka sakar musu ita, za su cinye ganye su ɓare ɓawo har ta bushe. Shi ya sa ake kewaye gindinta da wayar lantarki mai ɗan jan wanda ya taɓa ta, a riƙa saro musu ganye daga waje. Amma kada ka raina wayonsu. A gidan zu na Arnhem a ƙasar Holan, an ga ɗaya na riƙe reshe, ɗan'uwansa na hawa ya tsallake wayar. A gidan zu na Belfast ma, a Ireland ta Arewa, a 2019, reshen bishiyar da iska ta raunana suka jingina da katanga suka haye. Saboda haka duk daren da aka yi iska, ka zagaya ka kwashe dogayen rassa kafin ka buɗe musu ƙofa.

In da ruwa za ka kewaye su, ka sani cimfanzi bai iya iyo ba. Bakin ruwan kada ya yi zurfi.

Abinci kuwa, daina zuba shi a ƙasa. Rataye mangwaro da rake a can ƙololuwa, ka cusa gyaɗa a ramukan kututture, sai sun hau sun nema.