Yadda za ka sa wayarka ta riƙa tuna maka da maganin fuka da na murar alaji

Jama'a hunturu ya kama, ƙurar nan da take tasowa daga Bodele a Chadi ta rufe mu, duk mai fuka a Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san abin da nake nufi. Ƙanwata tana da fuka tun tana yarinya, ga kuma wannan murar da ba ta warkewa, atishawa goma a jere, ido na ƙaiƙayi, hanci na zuba kamar famfo, musamman lokacin da ake sussukar dawa.

Matsalarta ba rashin magani ba ne, mantuwa ce. Likita ya rubuta mata abin shaƙa biyu, shuɗin wato Ventoline wanda ake shaƙa idan numfashi ya sarƙe, da ɗayan mai beclometasone wanda ake shaƙa kullum safe da dare ko lafiyarka ƙalau. To shi wannan na kullum ɗin shi ake mantawa, don ba ya nuna aikinsa nan take, mutum sai ya ga ai na warke ya jefa shi cikin durowa, bayan sati biyu a kwashe shi sai asibiti da tsakar dare.

Ga yadda muka yi. Mun shiga Play Store mun sauke MyTherapy, manhajar da ke tuna wa mutum lokacin shan magani, akwai kuma Medisafe, duk aikin ɗaya ne. Sai ka rubuta sunan maganin yadda yake a takardar likita, shaƙa nawa, ƙarfe nawa. Kar ka sa lokacin da ka san kana kan mashin ko kana tsakiyar ciniki a kasuwa, wallahi kashewa kawai za ka yi ka ci gaba da harkarka. Mu bayan asuba muka sa da bayan isha'i, don a lokacin tana gida kuma buta na kusa, dama ana so ka kurkure baki bayan ka shaƙi na kullum ɗin kar farin ƙwarƙwashi ya fito maka a baki. Ƙwayar alajin kuma, cetirizine, da dare muka sa ta tunda tana kawo wa wasu barci.

Kuma kar ka danna "na sha" sai ka sha da gaske. Ita da farko dannawa take yi daga kwance, na ce mata ƙanwata wa kike yaudara, wayar ko ƙirjinki?

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne wayar ta riƙa yin shiru. Ashe tsarin tattalin batir ne yake kashe manhajar a ɓoye, sai ka shiga saitin batir ka cire ta daga waɗanda ake takurawa, ka bar mata izinin sanarwa. In an ɗauke wuta kwana biyu waya ta mutu fa, babu mai tuna maka, shi ya sa muka sa alam ɗin ma a ƙaramar wayar Inna.

Wani amfanin, ka sa lissafin abin da ya rage. Gwangwani mai shaƙa 200, in kana biyu safe biyu dare, kwana 50 zai yi maka, ka sa ta faɗa maka saura sati ɗaya don ka tanadi kuɗin farmasi.

Shuɗin ba a sa masa alam, amma duk sanda ka shaƙa ka rubuta. In ya wuce sau biyu a sati, ko tari na tashinka cikin dare, ɗauki wayar ka nuna wa likita ya gani da idonsa, kar ka ƙara wa kanka magani. In kuwa ka shaƙa bai sake ka ba, magana ma ta gagara, ajiye wayar a nemo mashin a tafi asibiti.