Yadda ake mayar da ɗan wasa fili bayan girgizar ƙwaƙwalwa

Ba sai ɗan wasa ya suma ƙwaƙwalwarsa ke girgiza bayan bugu a kai ba, mafi yawansu ma ba sa suma. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya ci gaba da taka leda sama da minti goma bayan karo, har ya tambayi alƙali ko wasan ƙarshe ake yi.

Da farko a fitar da ɗan wasan da ya bugu daga fili. In yana layi, ko ya kasa amsa "A wane fili muke? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe?", wasansa ya ƙare ranar, ko ya rantse garau yake. Manyan 'yan wasa gwanaye ne wajen ɓoye ciwo don gudun benci. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, ciwon wuya, farfaɗiya, gani biyu-biyu ko mutuwar hannu ko ƙafa, sai asibiti nan take. Hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a asibiti yakan fito lafiya lau. Zubar jini ake nema da shi, ba girgizar ba.

Awa 24 zuwa 48 na farko hutu ne, amma ba kwanciya a ɗaki mai duhu ba. A rage waya, a ɗan taka. Farasitamol ya isa, ban da asfirin da tuƙi.

Sai matakan da masana suka tsayar a taron Amsterdam na 2022, kowanne aƙalla awa 24:

1. Harkokin gida da karatu.
2. Tafiya ko keken motsa jiki, bugun zuciya zuwa kashi 55 cikin ɗari na iyakar saurinsa, daga baya 70.
3. Gudu da juyi shi kaɗai, ba buga ƙwallo da ka.
4. Atisaye da 'yan ƙungiya ba gogayya.
5. Cikakken atisaye.
6. Wasa.

A ukun farko, in ciwon kai ko jiri ya ƙaru da abin da bai wuce maki 2 ba a ma'aunin tsanani na 0 zuwa 10 kuma ya lafa cikin awa ɗaya, ba komai. In ya wuce haka, a tsaya sai gobe. Ba a shiga na huɗu sai alamu sun gushe kuma likita ya amince. In sun dawo, a koma na uku. Nan ake yawan yin gaggawa, alhali duka na biyu kafin warkewa ya fi na farko haɗari.

Alamun da suka wuce mako huɗu, a duba wuya, motsin ido da cikin kunne, don sau da yawa can jirin ke fitowa.