Kurakuran masu ƙera wasannin waya: idan kwalliya ta danne wasa

Kuskuren da na fi gani wajen masu fara ƙera wasan waya shi ne shafa fenti kafin gini ya tsaya. Mutum zai kwashe wata biyu yana gyaran inuwar bishiya da ƙyallin ruwa, alhali ko tsallen ɗan wasansa bai zauna ba. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na miƙa wa ƙanena wani wasan tseren mota da na yi wa ado iya ado, ya riƙe wayar minti biyu, ya ce, "Yaya, motar nan ba ta jin magana," ya ajiye. Ko kallon ruwan bai yi ba.

Maganin abin shi ne ka fara da akwatuna. Ko da manhajar ƙera wasa ta Unity kake aiki ko da ta Godot, ka bar mota ta zama akwati, hanya ta zama layi, ka yi ta gyaran juyi da birki har sai ka ji hannunka yana son sake wani zagayen. In akwati bai yi daɗi ba, riga ba za ta cece shi ba. Dubi Flappy Bird da Dong Nguyen na ƙasar Biyetnam ya fitar a 2013. Zanensa irin na tsofaffin wasanni ne, sarrafa shi kuma taɓa allo kawai, amma a farkon 2014 ya hau saman jerin wasannin da aka fi saukewa, saboda duk taɓawa tana amsawa nan take, kuma wanda ya faɗi ya san laifinsa ne.

Kuskure na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: gwada wasa a babbar wayarka kaɗai. Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga abin da jama'a ke saya, ƙananan Tecno da itel da Infinix ne suka fi yawa. Lissafin a fili yake. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto kasonsa bai kai miliseƙan 17 ba (miliseƙan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Mai nuna 30 yana da kusan 33. Hayaƙi, wuta, inuwa mai bin haske, kowanne daga cikin wannan ɗan kason yake ci. Sannan waya ba ta da fanka. Da ta ɗau zafi sai ta rage gudun kanta, wasan da ya yi sumul a minti biyun farko ya fara sarƙewa a minti na ashirin, batir kuma yana zuba. Don haka ka nemi waya mafi arha, ka buga rabin awa cur da rana tsaka. Hoto 30 da ba ya tangarɗa ya fi 60 mai hawa da sauka. Inuwar abin da ba ya motsi, a zana ta tun farko a jikin hoton. Hayaƙi mai hawa kan hayaƙi a rage shi, don yana sa wayar ta zana wuri ɗaya sau da yawa. Hoto guda mai ɗigon allo (pixel) 2048 a faɗi da tsawo, in ba a matse shi ba, megabait 16 yake ci, shi ya sa ake matsewa da ASTC, wani tsarin rage nauyin hoto. Free Fire da kamfanin Garena ya fitar a 2017 ta wannan hanya ya samu karɓuwa: mutum 50 a fafatawa ɗaya ta kusan minti goma, kuma yana tafiya a ƙananan wayoyi.

Akwai kuma adon da ke rufe ido. Allon waya ƙarami ne, manyan yatsu biyu sun riga sun rufe gefensa. In fashewa ta cika allo har mai wasa bai ga abin da ya kashe shi ba, haushi zai ji. Ka ɗauki hoton allon ka mayar da shi baƙi da fari. In abokin gaba ya saje da bango, launukan suna buƙatar gyara.

Nauyin wasa ma a kula da shi, domin mai sayen data da kuɗin aljihunsa yakan dubi girman fayil kafin ya danna saukewa. A sa matakan farko kaɗai a ciki, sauran ya sauke su idan ya iso wurin.