Gyaran banɗaki a Abuja: inda kuɗi ke tafiya da yadda ake zaɓen mai aiki

Banɗaki ne ɗaki mafi ƙanƙanta a gida, amma in aka kwatanta da faɗinsa babu inda yake cin kuɗi kamarsa, saboda a ɗan wurin nan ruwa da wutar lantarki da siminti suke haɗuwa. Yawancin masu gida tayil da shawa da madubi suke fara tayawa, alhali abin da ke jawo a sake fasa banɗaki bayan shekara ɗaya ko biyu yana bayan tayil ɗin ne: bututun da ba a gwada ba, daɓen da ba a yi masa maganin yoyo ba, gangarar da ta juya baya ga magudana. Can ya kamata kuɗinka da idonka su fi tsayawa.

Ka fara da yanke irin gyaran da za ka yi, domin farashin ya dogara da shi. In canza kan famfo ne da kwamin wanke hannu da tukunyar masai, kowanne a inda yake, aikin kwana ɗaya ko biyu ne na mai famfo. In za a ɓamɓare tayil a sabunta bututu, ka shiga aikin mutum huɗu: mai famfo, birkila, mai wayarin da mai tayil, ga lebura da kuɗin kwashe ɓaraguzai. Mafi tsada shi ne matsar da masai daga gurbinsa, musamman a saman bene, don bututunsa mai inci 4 ne kuma sai an samar masa gangara har zuwa waje. In babu dole, ka bar masai a inda yake. A wasu tsofaffin gidaje bututun ƙarfe ne a cikin bango. Tsatsa tana cinye shi daga ciki har ruwa ya riƙa fitowa ja-ja kuma ba ƙarfi. In ka tarar da shi, a cire gaba ɗaya. Lulluɓe shi da sabon tayil asarar tayil ɗin ce.

Lissafi da awo

Tun 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, musamman waɗanda ake shigowa da su. Don haka kada ka gina kasafinka a kan abin da maƙwabcinka ya kashe bara. Ka fitar da adadin kaya da kanka, sannan ka je kasuwar Dei-Dei ka tambayi shago uku a rana ɗaya.

Ɗauki banɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2.4, za a sa masa tayil har tsayin mita 2.4. Ƙasansa murabba'in mita 3.6 ne. Kewayen bango mita 7.8, sau 2.4 ya ba da 18.7, ka cire ƙofa da taga, ya rage kamar 16.8. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 18.5. Katan ɗin da ke ɗauke da murabba'in mita 1.44, kamar mai tayil huɗu na 60 da 60, za ka buƙaci 13 na bango, sannan kamar 3 na ƙasa. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin katan, don kamfanoni sun bambanta. Ka sayi duka a lokaci guda kuma lambar rukuninsu ta zama ɗaya, in ba haka ba za ka ga launin ya ɗan saɓa a bango. Ka kuma ajiye katan ɗaya a sito; ranar da za a fasa wuri don gyara, da wuya ka sake samun irinsa a kasuwa.

Buhun gam na tayil mai kilo 20 yakan rufe murabba'in mita 4 zuwa 5, gwargwadon daidaituwar bangon. Sai siminti da yashi, maganin yoyo, bututu da mahaɗansa, waya, da kayan da ido ke gani. A kan jimillar ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ka riƙe a hannunka, domin sai an ɓamɓare tsohon tayil ake ganin ruɓaɓɓen filasta ko tsagewar daɓe.

Wa za ka ba aikin

A nan ne mutane suka fi ƙonewa. Kowa a bakin kasuwa injiniya ake kiransa, amma sunan yana da hukumar da ke ba da shi. COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, CORBON kuma ƙwararrun magina, NEMSA ke ba masu aikin wayarin takardar shaida. Mai famfo da mai tayil galibi a hannun ubangida suka koya, kuma wannan ba aibu ba ne. Wasunsu suna da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ɗan kwangila ya zo da sunan kamfani, ka duba sunan da lambarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ya ɗaukar minti biyar, kuma asusun da za ka tura kuɗi ya dace da sunan. Babu rashin ladabi in ka ce, "Injiniya, don Allah a ba ni lambar rajista in duba." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ba kowane gyara ne ke buƙatar injiniya ba. Amma duk aikin da zai taɓa ginshiƙi, ko bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), ko huda kankaren bene, ko rushe bango, ko ƙara sabon banɗaki a bene, sai injiniyan gini mai rajista ya duba ya sa hannu, kuma irin wannan canji yana buƙatar izinin sashen kula da tsarin gine-gine na Abuja. Kada ka taɓa yarda mai famfo ya sassaƙe ginshiƙi ko ya yanke rodi don bututu ya wuce. In gidan haya ne, ka karɓi amincewar mai gida a rubuce. In a rukunin gidaje kake, masu kula da wurin suna da dokar lokacin aiki da wurin zuba ɓaraguzai.

Takarda kaɗai ba ta nuna hannu. Ka nemi mai aikin ya kai ka aikin da ya yi wanda ya kwana biyu, wanda ya ga damina aƙalla ɗaya. Ka zuba bokitin ruwa a ƙasa ka ga inda ya nufa. Ka ƙwanƙwasa tayil da mukulli: in ya yi ƙarar kwanko, babu gam a bayansa. Ka leƙa bayan bangon daga ɗakin da ke maƙwabtaka ko fenti ya kumbura, in bene ne kuma ka duba silin ɗin ƙasa.

Ka karɓi ƙiyasi daga mutum uku, kowanne a rubuce, kaya daban kuɗin aiki daban, da sunan kaya da girmansu da ranar da farashin zai daina aiki. Wanda ya rubuta maka dunƙulallen kuɗi a layi ɗaya, ka ce ya warware. In ɗaya ya yi ƙasa sosai da sauran, duba abin da ya tsallake. Sau da yawa maganin yoyo ne ko kwashe shara. Araha ba ta ado. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai sayi kayan matakin farko. Sauran a biya mataki-mataki: bayan gwajin bututu, bayan gwajin yoyo, bayan tayil, bayan haɗa kaya. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 har a yi wata uku zuwa shida ana amfani da banɗakin. Duk wannan a rubuta, ku sa hannu gaban shaida.

Abin da ke bayan tayil

Na ruwan zafi bututun roba mai suna PPR ake so, mai lamba PN20 ko PN25, lambar da ke nuna matsin da zai iya jurewa. PVC na ruwan sanyi yana laushi in zafi ya bi ta cikinsa. Babban layi ya zama milimita 25 ko 32, rassa 20. Ana haɗa PPR da injin ƙona baki a kusan digiri 260, kuma in mai aiki ya bar shi ya wuce lokaci, robar tana narkewa ta toshe rabin ramin daga ciki, sai ka ga shawa tana ɗigo ba ka san dalili ba. Kafin a rufe da filasta, a toshe bakuna a matsa ruwa da famfon gwaji zuwa kamar ba 10 (ba, wato bar, ma'aunin matsin ruwa ne), a bar shi awa ɗaya ana kallon allura. In babu na'urar, a buɗe ruwan tanki a bar shi kwana guda ana shafa kowane mahaɗi da busasshen tsumma. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da tef na awo a jiki. Shi zai hana a huda bututu ranar kafa madubi.

Ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da kamar ba ɗaya. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 2 kacal ba zai tura babbar shawa mai faɗi ba, komai tsadarta. Ko a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi, ko a sayi shawar da ta dace. In ruwan bohol kake sha, sa matata a layin shigowa, domin yashi ne ke kashe kan famfo mai haɗa zafi da sanyi. Zafin Fabrairu zuwa Afrilu kuma yana da nasa: baƙin tanki a rana yana mai da ruwan sanyi na zafi da tsakar rana, bututun roba da ke fili kuma rana tana cinye shi har ya riƙa tsagewa. A yi wa tanki rumfa, a lulluɓe ko a fente bututun waje.

Bututun masai ya sami gangarar kamar santimita 2.5 a kowace mita. Na shawa inci 2, na kwami inci 1 da rabi. Kafin ka sayi tukunyar masai, auna: in mai fita ta ƙasa ce, nisan tsakiyar rami daga bangon da aka gama sa wa tayil, yawanci santimita 25 ko 30, in mai fita ta bango ce, tsayin ramin daga ƙasa. Kowace magudana ta zama mai tarkon ruwa, wato lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa don tare wari, a kuma fitar da bututun iska har saman rufi. Banɗakin baƙi da ba a shiga, a lokacin hunturu ruwan tarkonsa yana ƙafewa, warin sokawe ya dawo ciki. Kofin ruwa biyu a mako yana maganinsa.

Daɓe a yi shi da siminti ɗaya yashi uku ko huɗu, da gangarar santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana. A iskar hunturu ko zafin bazara siminti yana bushewa kafin ya yi ƙarfi, don haka a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, a kuma rufe taga. Bayan ya kama sai maganin yoyo, shafi biyu, na biyu ya gitta na farko. Ya rufe ƙasa duka, ya hau bango santimita 30 a kewaye, a wajen shawa kuma har mita 1.8 ko sama. Lungu da kewayen bututu su ne inda ruwa ke bi, a ƙarfafa su da ƙyallen da ake sayarwa don haka. Tayil da abin cike tsakaninsa ba sa tare ruwa, duk wanda ya ce maka suna tarewa kada ka ba shi aikin bene.

Sai gwaji: a toshe magudana, a tara ruwa santimita 3 zuwa 5, a yi alama a bango, a bar shi awa 24 zuwa 48. Saboda zafin garin nan ruwa zai ɗan ragu ko babu yoyo, don haka ka ajiye faranti mai ruwa daidai zurfin a gefe ka kwatanta. In na ƙasa ya fi na farantin raguwa, ko danshi ya bayyana a silin, a sake shafi. Kada a ɗora tayil ko ɗaya kafin wannan.

A ƙasa ka zaɓi tayil mai kaushi, ƙanana kamar 30 da 30, don sun fi bin gangara. Mai sheƙi na bango ne, a ƙasa yana kayar da tsofaffi da yara. Tayil mai tauri da ba ya shan ruwa gam yake so, siminti zalla ba ya riƙe shi. A kwaɓa gam kaɗan-kaɗan, a shafa da cokali mai haƙora ya cika bayan tayil, ba ɗigo biyar ba. In ya yi fata a sama kafin a manna, a kankare a sake. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3, a jira kwana guda kafin a cike, lungunan kuma a sa silikon.

Hita mai tanki na lita 30 ko 50 yana jan wat 1,500 zuwa 2,000. Ya sami layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta, waya mai milimita 2.5, makunni mai amfiya 20 a wajen banɗaki, wayar ƙasa (wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa) da aka gwada, da na'urar RCD mai miliamfiya 30 wadda ke yanke wuta in ta fara bin jikin mutum. Bawul ɗin rage matsi da ke zuwa da hita yana ɗan ɗigo in ruwa ya yi zafi. Aikinsa ke nan, a ja masa siririn bututu zuwa magudana, kada a toshe shi. Hita mai dumama ruwa nan take yana jan wuta ninki biyu ko fiye, yana son waya mai kauri, ƙaramin janareta ko inbata kuma ba za su ɗauke shi ba.

Cikakken gyara ka ba shi sati biyu zuwa uku, yawancinsu jiran bushewa ne. Ranar karɓar aiki, buɗe duk famfunan lokaci guda, ja ruwan masai sau uku kana duba gindinsa, danna maɓallin gwaji na RCD ka ga wuta ta yanke, sannan ka karɓi rasit da takardun garanti na hita da kan famfo kafin ka saki kuɗin matakin ƙarshe.