Yadda ake samo gashin tangaran daga garin tutiya

Gashin tangaran da nake nufi a nan siraran zarurruka ne da ake samu in tururin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin. Cikin garin ƙarafa, na tutiya, wato zinki, shi nake ba ɗalibai su fara da shi, don tutiya tana narkewa a digiri 420 na Salshiyos, ta tafasa a 907. Tandar ɗakin gwaji tana kai nan ba wahala.

Auna garin kaɗan, kamar giram 2, ka baza shi a ƙaramin kwamin alumina, wani tangaran mai jure zafi. Tura kwamin tsakiyar bututun kwaz na tandar, wato bututun gilashi mai jure zafi, ka rufe, ka saki iskar agon don ta kore oksijin. Kada ka yi rowar agon ɗin. In iskar oksijin ta riski garin tun yana ɗumi, kowace ƙwaya sai ta yi ɓawo, tururin ya kasa fita, ka tashi da dunƙulen toka-toka. Sai zafi ya kai wajen 900 sannan ka buɗe wa oksijin hanya, ita ma kaɗan-kaɗan. Tururin tutiya na haɗuwa da ita sai ya zama zinki oksaid, ya taru fari sol a jikin bututu kamar auduga. In ka leƙa ka gan shi rawaya kada ka damu, haka yake da zafi, yana hucewa zai yi fari.

Sarrafa iskar nan shi ne aikin duka. Tururi mai yawa da sanyaya da sauri sukan ba da ƙwayoyi ƙanana, har ƙasa da nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). In aka bi a hankali, sai gashi ya fito, galibi ƙafafu huɗu daga cibiya ɗaya. Ido ba ya rarrabe su, sai madubin ilektiron, na'urar XRD mai bincike da hasken X-ray kuma ta tabbatar babu sauran ƙarfe.

Mu a Sakkwato ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Ka bar samfur a buɗe kan tebur, gobe sakamako ya nuna maka yashi. Kwalba mai murfi ta kasance a hannu kafin ka buɗe bututu, janareta kuma a shirye ko da an ɗauke wuta.

Hayaƙin nan shi ne ke sa masu walda zazzaɓi da dare in sun yini kan ƙarfe mai rufin zinki. Saboda haka ka yi aikin ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, da takunkumi mai tace ƙura. Garin kuma kada ya ga laima. In ya kama wuta, busasshen yashi ake zuba masa, ba ruwa ba.