Yadda za ka karanta labarin AI ba tare da an yi maka rufa-ido ba

Tun da manhajar hira ta ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamba 2022 kusan kullum sai ka ci karo da labarin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, yau a ce za ta magance kowace cuta gobe kuma a ce a hannunta duniya za ta tashi. Ni dai ga yadda nake bi da irin waɗannan labarai.

Hoton da ke saman labarin, yi kamar ba ka gan shi ba. Galibi mutum-mutumi ne mai jajayen idanu ko wata shuɗiyar ƙwaƙwalwa tana ƙyalli, alhali abin da ake magana a kai manhaja ce kawai zaune cikin kwamfutoci.

Sai kanun labarin, nan ne fa aikin yake. In ka ga an ce "AI ta rubuta" ko "AI ta yanke shawara", to ka nemo mutumin da aka ɓoye bayan labule, da wuya ka rasa shi. A 2020 jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga wani sharhi da kanun cewa mutum-mutumi ne ya rubuta shi kaf, amma can ƙasa sai ga editoci suna bayanin cewa rubutu takwas manhajar AI mai suna GPT-3 ta ba su, su ne suka tsinto nan suka tsinto can suka haɗa suka gyara. Ka ga wanda ya tsaya a kanu ai an bar shi a baya. Haka a 2017 aka yi ta yayata wai Facebook ya kashe wasu manhajojin hira a firgice saboda sun ƙirƙiro yarensu na sirri, nan kuwa masu binciken so suke manhajojin su yi ciniki da Turancin da mutane ke ganewa, da suka ga sun kauce sai suka gyara tsarin, shi ke nan fa. Don haka ka daure ka karanta har ƙasa ko da ka gaji.

Bayan nan ka tambayi kanka, daga bakin wa maganar ta fito? Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford ta duba labarai 760 kan AI na kafofi shida a Birtaniya a 2018, ta tarar kusan kashi 60 cikin 100 kan sabbin kayan kamfanoni suke, kashi 12 kuma sai da suka ambaci attajirin fasaha Elon Musk. Mai kaya ai ba ya kushe kayansa. Ni a ganina har tsoratarwar ma wani lokaci talla ce, in na ce maka abin da na ƙera zai iya fin ƙarfin ɗan'adam ai na koɗa shi ke nan.

Alƙaluma kuma ka bi su a hankali. Rahoton bankin Goldman Sachs na 2023 cewa ya yi AI na iya shafar ayyuka kimanin miliyan 300, kafin ka ce kwabo wasu kanun sun mayar da shi mutum miliyan 300 za a kora daga aiki.

In kana da lokaci, nemi labari ɗaya a kafofin ƙasashe biyu ko uku. A Amurka yawanci tsere da Sin ake nuna maka, kamar lokacin da DeepSeek, manhajar AI ta wani kamfanin Sin, ta fito a Janairun 2025 darajar Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙera kayan kwamfutar da AI ke aiki da su, ta zube da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya. Turai kuwa doka suka fi damuwa da ita, tasu dokar ta AI ta fara aiki a Agustan 2024. Labarin da ba ka cika gani a shafin farko ba shi ne irin wanda mujallar Time ta fitar a Janairun 2023, na ma'aikata a Kenya da suka yi ta karanta munanan rubuce-rubuce suna tantancewa don a tsaftace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. In labarin da ke gabanka bai faɗi waɗanda suka yi irin wannan aikin ba, buɗe wani shafin ka nema.